Mudun da Muke Auna Bincike da Shi



An nemi in yi magana a kan bincike da yadda ake kimanta shi a jami'o'inmu. Wannan zaure ya saba da jin batun albashi, da alawus ɗin da aka riƙe, da yarjejeniyoyin da aka sa wa hannu aka yi watsi da su, da ɗakunan gwaje-gwajen da babu ruwa babu wuta. Duk waɗannan haƙƙoƙinmu ne, kuma ba za mu gaji da nemansu ba. Amma yau ina so in ja hankalinmu zuwa ga wata 'yar takarda wadda gyaranta ba ya jiran sa hannun minista ko kasafin kuɗi, wato ƙa'idojin naɗi da ƙarin girma. Ita ce ke gaya wa matashin malami irin aikin da ya cancanci ya ba shi ƙuruciyarsa da irin wanda ɓata lokaci ne. Abin da nake son kafawa a gabanku shi ne, lokaci ya yi da za a rage ƙidayar maƙalu a koma karanta su, kuma ƙungiyarmu ce ta fi kowa cancantar jagorantar wannan gyara.

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Dawanau ya san cikar mudu kaɗai ba ta gamsar da mai saye. Sai ya zura hannu cikin buhu, ya ɗebo, ya murza, ya busa, ya ga nawa ne tsaba nawa ne ƙaiƙayi. A wajen auna bincike kuwa, galibin ƙa'idojinmu sun tsaya ga cikar mudun. Maƙala kaza kafin a zama babban malami, kaza kafin a zama farfesa. Wadda ta fito a mujallar waje maki kaza, ta gida maki kaza. Marubucin farko ya ɗauki kasonsa, sauran su raba abin da ya rage. Ana iya kammala lissafin mutum gaba ɗaya, a tara masa maki, ba tare da an tambayi abin da ya gano ba, ko gaskiya ne, ko kuma wa ya amfana.

A shekarar 1975 wani masanin tattalin arziki na Ingila, Charles Goodhart, ya lura da wani abu game da manufofin kuɗi wanda daga baya aka ga ya shafi kusan kowane fage: da zarar an mayar da ma'auni shi ne abin nema, to ya daina auna abin da aka ƙirƙire shi dominsa. Mu ma muna da namu a taƙaice, abin da ka shuka shi za ka girba. An shuka ƙidaya, ga kuma amfanin da aka girbe. Bincike ɗaya da ya kamata ya zama maƙala guda mai ƙwari, sai a kasa shi kashi huɗu kamar tumatir a bakin hanya. Malamai biyar su ƙulla adashi, kowa ya rubuta ɗaya ya jera sunayen sauran, a wayi gari kowa yana da biyar. Ɗalibin digiri na biyu ya sha rana a fagen tattara bayanai, sunansa ya zo na ƙarshe, ko ma a neme shi a rasa. Ba wai malamai sun lalace ne dare ɗaya ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa tana cikin ma'aunin.

Ta wannan tsaga ce mujallun bogi suka shigo, waɗanda ke karɓar kuɗi su buga kowace irin maƙala cikin 'yan kwanaki ba tare da wani masani ya duba ta ba. A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya shirya maƙalar ƙarya a kan wani sinadari da wai yana kashe ƙwayoyin cutar daji, ya cika ta da kurakuran da ɗalibin kimiyyar haɗa magunguna zai gane, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka amince za su buga. Abin da ya kamata ya tsaya mana a rai shi ne, sunayen marubuta da cibiyoyin da ya ƙirƙira na Afirka ne, domin ya san ba za a yi mamakin ganinsu ba. Bayan shekara goma, a 2023, maƙalun da mujallun duniya suka janye bayan an buga su sun haura 10,000 a shekara guda, mafi yawansu daga kamfanin Hindawi, bayan an gano cewa 'yan kasuwar da ke ƙera maƙalu suna sayarwa sun mamaye wasu fitowarsa na musamman. Wanda ke ɗaukar asarar a nan gida shi ne ƙaramin malamin da ya tsakuri kuɗin cefane ya canza zuwa dala, ya biya wata mujalla da ba ta da ofishi sai shafin intanet, saboda wa'adin miƙa takardu ya ƙarato kuma saura masa maƙala biyu.

Da aka farga da wannan ɓarna, maganin da jami'o'i da yawa suka kawo shi ne su ce ba za a karɓi maƙala ba sai mujallar tana cikin jerin Scopus ko makamancinsa, ko kuma tana da ma'aunin tasiri mai yawa. Niyyar mai kyau ce, kuma ta toshe wasu ƙofofi. Sai dai ya kamata mu san asalin wannan ma'auni da muka rungume. Eugene Garfield da abokin aikinsa Irving Sher ne suka tsara shi a Amurka a farkon shekarun 1960, domin zaɓen mujallun da za su shiga kundinsu, daga baya masu kula da ɗakunan karatu suka riƙa amfani da shi wajen yanke shawarar mujallun da za su saya. Lissafinsa shi ne, a ɗauki yawan ambaton da aka yi wa maƙalun wata mujalla na shekara biyu da suka gabata, a raba da yawan maƙalun. Matsakaici ne na mujalla gaba ɗaya, kuma sananne ne cewa 'yan maƙalu kaɗan ne ke jawo mafi yawan ambaton. Auna mutum da shi tamkar a kimanta hankalin yaro ne da sunan unguwarsu. Ga kuma tsada: lokacin da mujallar Nature ta buɗe ƙofar a buga maƙala yadda kowa zai karanta kyauta a 2021, kuɗin da ta yanka wa marubuci yuro 9,500 ne, wanda ya zarce albashin shekara guda na yawancin waɗanda ke zaune a wannan zaure.

Akwai illar da ta fi tsada muni. Editan mujallar da ke London ko New York yana zaɓen abin da masu karatunsa ke son ji, kuma ba laifinsa ba ne. Idan darajar malaminmu ta rataya ga yardar wannan edita, to tambayoyin da zai bi su ne na can. Wa zai zauna shekara goma yana bibiyar lafiyar yaran Bagega da sauran ƙauyukan Zamfara, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a 2010? Wa zai duƙufa kan ciwon ƙodar da ya addabi mutanen Gashuwa da kewayenta, yana gwada ruwan rijiya bayan rijiya, alhali aikin ba zai haifar da maƙala ba sai bayan shekaru? Mai hankali zai duba ƙa'idojin ƙarin girma, ya duba iyalinsa, ya raba takardun tambayoyi ga ɗalibai ɗari biyu, ya fitar da maƙala uku kafin ƙarshen zango.

Bari mu ɗora wasu ayyuka sanannu a kan wannan mudu mu ga abin da zai nuna. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa, ya ɗauki tukwanen ƙasa biyu, ƙarama cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da danshin tsumma. Yayin da ruwan ke bushewa sai ya tafi da zafin ciki, tumatir da tattasai da ke ruɓewa cikin kwana uku su kai mako uku, a ƙauyen da bai taɓa ganin wutar lantarki ba. Ya yaɗa dubban tukwanen a karkara, kuma a shekarar 2000 aka ba shi kyautar Rolex. A takardar makinmu, wane gurbi za a rubuta wannan? Haka buhun nan mai hawa uku da ake kira PICS, wanda tushensa ya faro daga aikin haɗin gwiwa tsakanin masana na jami'ar Purdue da takwarorinsu na Marwa a Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980. Yana toshe iska har ƙwarin da ke cin wake su mutu ba tare da an zuba guba a abinci ba, kuma tun daga 2007 ya bazu a Nijeriya da Nijar ta hannun malaman gona da suka bi ƙauye ƙauye suna nunawa. A Samaru, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ta shafe kusan shekara goma tana gwajin waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanso, kafin a amince da sakinsa ga manoma a Disambar 2019. A ɓangaren harshe kuma, Ƙamusun Hausa da Jami'ar Bayero ta fitar a 2006 aikin shekaru ne na malamai masu yawa, wanda kowane ɗalibin Hausa ke jingina da shi. Irin iri, da ƙamus, da taswirar ƙasar noma, da kundin bayanan asibiti da aka tsare shekara da shekaru, duk ayyuka ne masu cin lokaci da buƙatar taron hannu, su ne kuma ƙidayar maƙalu ta fi zalunta.

Kada a ɗauka cutar ta tsaya gare mu. Katalin Karikó, wadda aikinta a kan sinadarin mRNA ya zama ginshiƙin wasu alluran rigakafin korona, an rage mata matsayi a jami'ar Pennsylvania a 1995 saboda ta kasa jawo kuɗin tallafin bincike. A 2023 ita da Drew Weissman suka karɓi kyautar Nobel. Peter Higgs, wanda ya yi hasashensa a 1964 aka tabbatar da shi a 2012, ya shaida wa jaridar Guardian a shekarar da ya karɓi tasa kyautar cewa da a wannan zamani ya taso, da wuya wata jami'a ta ɗauke shi aiki, domin ba ya fitar da maƙalu da yawa.

Waɗanda suka ƙera ma'aunin sun fara sauya shi, kuma tun da kiɗa ya canza, ai rawa ma sai ta canza. A 2010 hukumar ba da tallafin bincike ta Jamus ta taƙaita maƙalun da mai neman tallafi zai jera a tarihin aikinsa zuwa biyar kacal. A Disambar 2012 wasu editoci da masana suka tsara sanarwar San Francisco, wadda aka fi sani da DORA, da ke kira a daina amfani da ma'aunin tasirin mujalla wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma da rabon tallafi. A 2015 aka fitar da ƙa'idoji goma na Leiden. Ta farkonsu ta ce alƙaluma su kasance masu taimaka wa hukuncin masana ne kawai, ta uku kuma ta nemi a kare binciken da ya shafi buƙatun gida. A Birtaniya, tantancewar jami'o'i ta 2014 ta ware kashi 20 cikin 100 na maki ga amfanin da bincike ya yi wa jama'a, aka ɗaga zuwa kashi 25 a 2021. A 2020 hukumomin ilimi da kimiyya na ƙasar Sin suka hana ba da ladan kuɗi a kan buga maƙala, suka koma ga duba zaɓaɓɓun ayyuka kaɗan, tare da sharaɗin wani kaso ya fito a mujallun gida. Ba na cewa mu kwafi kowa ido rufe. Ina cewa ne bai kamata mu ƙanƙame rigar da masu ita suka fara tuɓewa ba.

Na san abin da ke ran wasunmu, musamman ƙananan malamai, kuma damuwa ce ta gaskiya. Ƙidaya, duk da aibinta, garkuwa ce. Wanda ya cika maƙala goma sha biyar ya cika, ko shugaban sashe yana ƙaunarsa ko ba ya ƙaunarsa, ko ɗan gari ne ko baƙo, mace ce ko namiji. Idan aka ce daga yau inganci za a duba, wa zai duba? Ashe ba a buɗe ƙofar son rai da ɓangaranci da ramuwar gayya ba? Duk gyaran da bai amsa wannan tambaya ba, gara a bar shi, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. A nan ne aikin ƙungiya ya shigo, domin kare ɗan ƙungiya daga hukuncin son zuciya shi ne sana'armu tun asali. Saboda haka ga abin da nake ba da shawarar reshe ya ɗauka ya kai gaban majalisar malaman jami'a.

Na farko, mai neman ƙarin girma ya zaɓi ayyukansa mafi ƙarfi, kamar uku ga ƙananan matakai da biyar zuwa bakwai ga manya, ya rubuta shafi biyu yana bayyana tambayar da ya bi, da abin da ya gano, da ainihin rawar da shi ya taka idan aikin na tarayya ne. A bar mafi ƙarancin adadi a matsayin ƙofar shiga, amma a sauko da shi, hukunci kuma ya rataya ga abin da aka karanta.

Na biyu, masu tantancewa su kasance daga wajen jami'a, a zaɓo su daga jerin da sashe ya amince da shi tun kafin a san wanda zai nema, a biya su haƙƙinsu a kan lokaci, a ba su wa'adi. Kowane hukunci ya zo da dalilansa a rubuce, a ba mai nema kwafi, kuma ya sami damar ɗaukaka ƙara gaban wani kwamiti dabam wanda ƙungiya ke da wakili mai sa ido a cikinsa. Takardun malami su daina kwana shekara biyu a aljihun tebur babu mai ba da amsa.

Na uku, a faɗaɗa abin da ake kira aikin bincike. Sabon iri da aka saki, na'urar da mutane ke amfani da ita, ƙamus da fassara, littafin karatu a harshen gida, kundin bayanai da aka buɗe wa sauran masana, rahoton da ya sauya wata manufar gwamnati, ɗaliban da aka yaye da kyau, da duba maƙalun wasu da gyaran mujalla, duk a ba su gurbi, bisa sharaɗin a kawo shaidar da wani zai iya binciken gaskiyarta. Gwajin da aka yi da kyau amma bai ba da sakamakon da ake fata ba, shi ma a ƙirga shi, domin ya hana wani ɓata kuɗi a hanyar da ba ta ɓullewa.

Na huɗu, mu gyara mujallunmu na gida maimakon mu raina su. Dandalin AJOL, wanda aka kafa a 1998, yana ɗauke da ɗaruruwan mujallun Afirka, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawa a ciki. Gara tsangaya ta riƙe mujalla ɗaya mai fitowa a kan lokaci, mai masu dubawa daga wasu jami'o'i, wadda edita ba ya buga kansa a cikinta, da kowane sashe ya riƙe tasa da ba ta fitowa sai lokacin ƙarin girma ya zo.

Na biyar, a rubuta ƙa'idar sa suna a maƙala. Wanda bai sa hannu a tsara aiki, ko tattara bayanai, ko nazari, ko rubutu ba, babu sunansa, komai girman kujerarsa. Ɗalibin da aikin ya fito daga kundinsa shi ne marubucin farko.

Na shida, a yi sauyin sannu a hankali. Wanda ya shafe shekaru yana shiri bisa tsohuwar ƙa'ida a ba shi zaɓi na tsawon shekara uku, kada a sauya masa tsani yana tsakiyar hawa.

Wani zai ce ina amfanin gyara mudu alhali rumbun babu hatsi? Gaskiya ne bincike ba ya yiwuwa da aljihu wayam. Tun 1980, a Shirin Aiki na Legas, ƙasashen Afirka suka ɗauki alkawarin kai kashi 1 cikin 100 na arzikin da suke samarwa ga kimiyya da fasaha, kuma har yau ƙasarmu ba ta kusanci wannan ba. Amma mu tuna cewa harajin ilimi na kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni, wanda aka kafa a 1993 ya kuma rikiɗe ya zama TETFund a 2011, daga tunanin ASUU da yarjejeniyar 1992 ya fito. Ƙungiyar da ta iya haifar da asusun tana da bakin tambayar irin binciken da asusun ke saye. Hujjarmu ta neman ƙarin kuɗi za ta fi ƙarfi ranar da manomi da ma'aikaciyar jinya da ɗan kasuwa za su iya nuna abin da jami'a ta yi musu. Idan muka tafi yajin aiki muna neman goyon bayan jama'a, wannan ne abin da suke aunawa, ba su san Scopus ba.

Iyayenmu farfesoshi, ku ne ke zaune a kwamitocin da ke rubuta waɗannan ƙa'idoji, ku ne kuma ake aika wa takardun wasu jami'o'i ku tantance. Kun riga kun haye, babu abin da za a rage muku, saboda haka muryarku ta fi ta kowa 'yanci a wannan batu. Ƙannenmu kuma, ku ne za ku rayu shekara talatin a ƙarƙashin duk abin da aka rubuta, don haka kada ku bari a rubuta ba ku wurin.

Ina roƙon wannan taro, kafin mu tashi, ya kafa kwamiti mai wakilai daga kowace tsangaya, rabinsu waɗanda ba su kai matakin babban malami ba, da mata a cikinsu, ya tattaro ƙa'idojin da ake aiki da su yanzu, ya saurari 'yan'uwa, ya kawo mana daftari a taro na gaba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma wannan kayan namu ne.